Uban Da 'Yan Fim Ɗinmu Ke Tsoron Nunawa

A unguwarmu a nan Zuru an yi wani dattijo, tsohon sajan na soja, Allah ya jiƙansa. Kullum da la'asar yana zaune a ƙofar gida da 'yar rediyonsa. Duk wanda ya gaishe shi ya tambayi labarin babban ɗansa, amsa ɗaya yake bayarwa: "Yana nan lafiya, takardarsa ta Kaduna ta kusa fitowa." Yana nufin takardar shiga makarantar horar da hafsoshin soja. Mu yaran unguwa mun san yaron ya zauna jarrabawar har sau uku bai dace ba, har shekarunsa suka wuce na ɗauka. Dattijon ma ya san mun sani. Amma haka ya yi ta faɗi har ya koma ga Mahaliccinsa.

Shi kuwa yaron, Allah ya ba shi hannun noma. In ya kama garma sai ka tsaya kallo. Sai dai a wurin uban, ɗan da ya ƙare a gona ɗa ne da ya faɗi. Da zaman gida ya gagara, yaron ya bar gari, ya tafi kudu yana gadi a wani kamfani, ba ya zuwa ko da sallah ko da bikin Uhola. Uwar ce a tsakiya, ta ɓoye wa uba abin da ɗa ke yi, ta ɓoye wa ɗa abin da uba ke faɗi. Ranar jana'iza ya zo, ya tsaya can gefe yana kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba. Babu mugu a gidan nan, jama'a. Babu boka, babu kishiya. Uban yana son ɗansa kamar ransa, kuma wannan son ne ya kore shi daga gida.

Na kalli finafinan Hausa da ban san iyakarsu ba, tun daga ragowar kaset ɗin da na tarar a gidanmu har zuwa masu dogon zango na YouTube. Har yau ban ga wannan dattijo a allo ba. Inda na gamu da shi, abin takaici, shi ne a wani wasan daɓe da wani Ba'amurke ya rubuta tun kafin a haifi iyayenmu. Dalilin wannan rubutu nawa ke nan, kuma da marubuta da furodusoshi da daraktocinmu nake.

Sunan wasan Death of a Salesman, wato mutuwar ɗan talla. Arthur Miller ne ya rubuta shi, aka fara nuna shi a birnin New York ranar 10 ga Fabrairu, 1949, Elia Kazan ya ba da umarni. An yi shi sau 742 a jere kafin a rufe, ya kuma ci kyautar Pulitzer a wannan shekara. Miller ya san abin da yake rubutawa, domin mahaifinsa mai masana'antar ɗinka riguna ne wanda karayar tattalin arzikin 1929 ta tsiyata, suka tashi daga gidan masu hali suka koma ƙaramin gida a Brooklyn.

Ga labarin a taƙaice, don wanda bai san shi ba. Willy Loman ɗan shekara 63 ne, ya yi fiye da shekara talatin yana yawo gari-gari a mota yana tallar kayan wani kamfani. Ƙarfi ya ƙare, ciniki ya mutu, kamfani ya cire masa albashi ya bar shi da kamasho. Duk mako sai ya je wurin maƙwabcinsa Charley ya ranto dala hamsin, ya kawo wa matarsa Linda a matsayin abin da ya samo. Linda ta gane, amma ta yi shiru don kada ta kunyata shi. Charley ya yi masa tayin aiki ba sau ɗaya ba, girman kai ya hana shi karɓa. Da ya je roƙon mai kamfanin, wanda ɗan tsohon ubangidansa ne, a mayar da shi ofis ya huta da tuƙi, sai aka sallame shi gaba ɗaya.

'Ya'yansa biyu ne, Biff da Happy. Biff shi ne babba, shi ne kuma uban ya ɗora wa dukkan burinsa. Yana sakandare tauraro ne a ƙwallon Amurka, jami'o'i suna zawarcinsa. Willy ya raine shi a kan cewa in dai kana da farin jini da kyan siffa, duniya za ta buɗe maka ƙofa, karatu na marasa kwarjini ne irin Bernard ɗan maƙwabci. Da yaron ya ɗauko ƙwallon makaranta ba da izini ba, uban dariya ya yi. Sai ga shi Biff ya faɗi jarrabawar lissafi. Ya bi uban har birnin Boston don ya zo ya roƙi malamin, sai ya tarar da shi a ɗakin otal da wata mace. Har safar mata sabuwa uban ya ba matar, alhali uwarsu tana gida tana ɗinke tata da ta yage. Daga ranar Biff ya watsar da karatu. Ga shi yanzu yana da shekara 34, yana yawon ƙwadago a gonaki, har kurkuku ya shiga na wata uku saboda satar kwat. Bernard da ake rainawa kuwa ya zama lauya, har yana tsayawa gaban Kotun Ƙoli.

Abin da ke cin gidan shi ne wannan sirri na Boston. Uba ya san shi ya karya ɗansa, amma ba zai iya furtawa ba, sai ya riƙa zarginsa da cewa da gangan yake lalacewa don ya ƙona masa rai. Ɗa ya san uban ba abin da yake nunawa ba ne, amma ba zai faɗa wa uwa ba. A daren ƙarshe Biff ya tsaya gaban uban ya roƙe shi su daina yaudarar juna, su yarda cewa su biyun talakawa ne kamar kowa. Ya faɗa jikin uban yana kuka. Willy ya gane ashe yaron yana son sa. Mai karatu zai zaci a nan za a shirya. Ina! Sai uban ya ɗauki wannan so ya mayar da shi cikin tsohon mafarkinsa: in ya mutu, inshora za ta biya dala dubu ashirin, Biff ya samu jari ya zama babban mutum. Ya shiga mota cikin dare ya halaka kansa. Jana'izar da yake tunanin za ta cika da jama'a daga gari-gari, ba ta wuce iyalinsa da maƙwabcinsa da ɗan maƙwabcin ba. A ranar ce kuma Linda ta biya kashi na ƙarshe na bashin gidansu na shekara 25. Happy, ƙaramin ɗan, ya tsaya bakin kabari ya yi alkawarin zai cika burin uban. Ƙaryar ta samu magaji.

To, yanzu mu dawo gida. Rikicin iyali ai shi ne abincin fim ɗin Hausa tun daga Turmin Danya na 1990 har yau. Amma ku lura da yadda muke raba laifi. In gida ya rushe, to kishiya ce ta je wurin boka. Ko uwar miji ce ta sa ƙafa. Ko abokin banza ne ya ja yaro shaye-shaye. Ko 'yar bariki ce ta shigo ta juya kan maigida. Kullum ɓarnar daga waje take shigowa, ko kuma daga ɗakin mata. Uba kuwa iri biyu ne kacal a wurinmu. Akwai Alhaji azzalumi mai auren dole da kwaɗayin kuɗi, wanda tun fitowarsa ta farko ka san mugu ne. Akwai kuma dattijon kirki mai farin gemu da carbi, wanda aikinsa shi ne ya fito a minti goma na ƙarshe ya tara kowa a falo ya yi nasiha, a yi kuka, a yafi juna, a sa waƙa. Uban da ke tsakanin waɗannan biyu, wanda shi ne uban yawancinmu, mai son 'ya'yansa kuma mai cutar da su ba da saninsa ba, shi ne ba mu da shi.

Wannan ɗabi'a ta girmi fim ɗin bidiyo. Rubutaccen wasan kwaikwayonmu da koyarwa ya tashi. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, na wayar da kai ne kan tsabta da kiwon lafiya. A Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, attajiri ya faɗi warwas, amma hannun karuwar da ya aura ake nuna mana. A Uwar Gulma na Mohammed Sada, mijin ne mai laifi, kuma laifinsa a fili yake, yaro ma ya gan shi. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, Alhajin da ke lalata 'yar makaranta ne. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba, ayyuka ne da suka yi wa zamaninsu amfani. A fagen littafi kuwa, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta yi jarumtar da maza da yawa ba su yi ba a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, inda ta nuna Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda wata mace, ta kuma nuna yadda alhakin ya bi shi. Amma ko a nan, uban da muke gani mai zalunci ne ƙarara. Mai karatu zai rufe littafin ya ce, "Alhamdu lillahi, ni ba haka nake ba." Wanda ya kalli Willy Loman ba ya samun wannan mafita, saboda mutumin ba mugu ba ne, kuma abin da ya yi, kowane uba a cikinmu zai iya yin sa gobe da kyakkyawar niyya.

In kuma muka taɓo uba da 'ya'yansa kai tsaye, sai mu mayar da abin barkwanci. Gidan Badamasi ya ba mu dariya sosai, ni ma na yi. Amma ku cire dariyar ku duba abin da ya rage: tsoho da tarin 'ya'ya, ba ya yarda da su, su kuma idonsu na kan dukiyarsa. Wannan ai kayan wasan ban tausayi ne sukutum. Mun fi son mu yi masa dariya don kada ya taɓa mu.

Na san abin da za a ce, don na sha jin sa a majalisar 'yan fim. Na farko, wai al'adarmu da addininmu ba su yarda ɗa ya tsaya gaban ubansa ya faɗa masa kuskurensa ba, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban musa girman iyaye ba, kuma ban nemi a nuna yaro yana zagin ubansa ba. Amma malaman da suka karantar da mu haƙƙin iyaye, su ne suka karantar da mu cewa 'ya'ya ma suna da haƙƙi a kan iyaye. Me ya sa rabin karatun kaɗai ke shiga fim? Sannan Biff bai zagi uban ba a ƙarshe, rungume shi ya yi yana kuka yana roƙon a sake shi ya zama abin da Allah ya yi shi. In wannan rashin kunya ne, to me za mu kira ɗan sajan da ya zaɓi ya gudu ya bar uwarsa shekara da shekaru, don ba shi da bakin faɗin wannan magana?

Na biyu, wai masu kallo ba sa son fim mai ƙarshen baƙin ciki, kuma mai kuɗi ba zai zuba jarinsa a yi asara ba. Wannan raina masu kallo ne. Waɗanne mutane ne suka yi ta cika sinima shekara da shekaru suna kallon Mother India na 1957, inda uwa ta harbe ɗanta da hannunta? Iyayenmu ne. Su wa suka yi kuka da Baghban na 2003, na Amitabh Bachchan da Hema Malini? Mu ne. Sai dai ku lura, Baghban ya yi mana daɗi ne saboda 'ya'ya ne masu laifi, iyaye kuwa tsarkaka. Hawayen Bahaushe ba shi da tsada a gaban allo. Abin da ba a taɓa gwada mu da shi ba shi ne labarin da zai sa uba ya kashe talabijin ya yi shiru, ya kira ɗansa a waya.

Na uku, wai labarin Turawa ne, rayuwarsu daban da tamu. A 1983 Miller da kansa ya je birnin Beijing ya ba da umarnin wasan da harshen Sinanci, Ying Ruocheng ya fito a Willy, a ƙasar da a lokacin yawancin mutane ba su san ɗan tallan kamfani ko inshorar rai ba. Mutanen Sin suka gane shi sarai, domin sun san uba mai ɗora wa ɗa buri. A 2016 daraktan Iran Asghar Farhadi ya yi fim mai suna The Salesman, inda mata da miji 'yan wasan daɓe ke shirya wannan wasa a Tehran yayin da nasu gidan ke tsagewa. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2017. Iran fa, ƙasar Musulmi, wadda tace finafinanta ya fi namu tsanani. A 2019 aka yi wasan a Landan da iyalin Loman baƙar fata, Wendell Pierce ya fito a uban, aka kai shi New York a 2022. Kowa ya ga ubansa a ciki sai mu?

Na huɗu, wai Hukumar Tace Finafinai ta Kano ba za ta bari a nuna mutum ya kashe kansa ba. To wa ya ce a nuna? Kashe kai haramun ne, kuma ko a wasan ba a yabe shi ba, an nuna shi ne a matsayin ruɗu na ƙarshe na mutumin da ya rayu cikin ruɗu. Dattijon unguwarmu a kan gadonsa ya cika, da kalmar shahada, kuma labarinsa bai rage ciwo ba saboda haka. Babu rawa a labarin nan, babu shigar banza, babu taɓa jiki. Hukumar da aka kafa a 2001 ta zama inuwar da malalacin marubuci ke fakewa a cikinta. A daina ɗora mata abin da tsoronmu ne ya hana.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Ban ce a ɗauko wasan Miller a canja wa Willy suna a sa masa babbar riga ba, irin yadda aka yi wa finafinan Indiya shekara da shekaru. Wankiya wankiya ce, ko daga Mumbai ko daga New York. Abin koyo shi ne ƙarfin halin. A shekarar da wasan ya fito, Miller ya rubuta wata maƙala a jaridar New York Times yana jayayya da masu ganin sai sarki ko basarake ne ya cancanci wasan ban tausayi. Ya ce talaka ma ya cancanta, muddin a shirye yake ya ba da komai don kare mutuncinsa. Mu kuwa har yau kyamararmu ba ta son fita daga falon Alhaji mai hawa biyu.

Kayan aikin ga su nan a ƙofar gida. Ƙasar Zuru ta ba Nijeriya sojoji tun zamanin Turawa. Ta fitar da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Bauci. A bayan kowane janar ɗaya akwai kofur da sajan masu yawan gaske da suka yi ritaya da ƙaramin fansho da babban buri guda: ɗana zai sa anini a kafaɗa, a sara masa yadda na sara wa wasu. Wannan buri ba abin dariya ba ne, daga wahala ya fito. Amma idan yaron manomi ne a zuciyarsa fa? Willy ma gwanin aikin hannu ne, shi ya gyara rabin gidansa da kansa, a daren mutuwarsa ma iri yake shukawa a bayan gida da fitila, amma bai taɓa ɗaukar wannan baiwa a bakin komai ba. Ga shi tun 2020 akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan Zuru, amma har yanzu akwai gidajen da in yaro ya ce noma zai karanta sai a yi jugum kamar an yi rasuwa.

A Kano ma haka ne. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da jarinsa ya karye, amma kullum sai ya sa shadda ya fita da safe don kada iyali su gane. Malamin makarantar da ya sayar da gonar gado don ɗansa ya zama likita, yaron kuwa jini ma ba ya iya kallo. Uwar da ta san komai ta haɗiye, har hawan jini ya kama ta. Wane marubuci ne zai ce bai san irin waɗannan gidaje ba? Wasunmu a cikinsu muka tashi.

Ni kaina ban tsira ba. Da na gama difiloma na dawo gida, na yi kusan shekara biyu ina ce wa mahaifina aiki ya kusa fitowa, alhali ko takardar neman aikin ban kai ko'ina ba, rubutun sharhin fim nake yi a waya. Shi ma yana faɗa wa abokansa haka a masallaci. Ranar da na daure na zauna gabansa na ce, "Baba, ni fa wannan rubutun shi ne aikina," ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Ban ce ya ji daɗi ba. Amma tun daga ranar muke iya cin abinci a kwano ɗaya ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Wasan wani Bayahuden Amurka da ya rasu a 2005 ne ya ba ni wannan ƙarfin hali. Da na so a ce fim ɗin Hausa ne.

Saboda haka ga ƙalubale ga masu Labarina da Izzar So da Kwana Casa'in da sauran masu dogon zango, ku da Allah ya ba ku lokaci da masu kallo. Ku ba mu uba guda ɗaya wanda za mu so shi kuma mu ga laifinsa. Kada ku kawo boka. Kada ku rataya wa mace. Kada malam ya shigo a fitowa ta ƙarshe ya ɗinke abin da aka yi shekara ashirin ana yagawa. Ku bar mai kallo ya tashi da nauyin a ƙirjinsa, shi zai san inda zai kai shi. In kun yi aka ƙi kallo, ku zo Zuru ku same ni, zan rubuta a wannan shafi cewa na yi kuskure.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba mu ikon faɗa wa waɗanda ke raye gaskiya cikin ladabi.